Karsanar Marayu

Sabo ya daɗe tsaye a bakin turke, hannuwansa a baya, yana kallon karsana biyun nan kamar yau ya fara ganinsu. Kulsumu tana durƙushe tana dama musu dusa a tsohon daro. Ba ta ɗaga kai ba, amma tana lura da shi. Shekara uku ke nan tana zaune a gidan yayan mijinta a Ƙaura Namoda, bai taɓa tsinko ko ganye ɗaya ya jefa wa dabbobin nan ba. Dillalin shanu ne kuwa a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma dillali ba ya tsayawa kallon dabba don sha'awa.

"Kulsumu, waɗanga har yanzu ci kawai suke yi?"

"Ci suke yi, Yaya. Lokacinsu ya kusa, in Allah ya yarda."

"Ya kusa." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Bara ma haka kika ce."

Su ke nan abin da mijinta Mainasara ya bari. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a bayan Gurbin Bore suka kore garke, suka harbe shi a bakin rafi, 'yan maruƙa biyu ne suka tsira, don suna ɗaure a cikin gida. Kulsumu ta ɗauko su a bayan akori-kura tare da 'ya'yanta mata biyu, Rukayya da Firdausi. Da aka zauna rabon gado a gaban Malam Alhassan, limamin unguwa, maruƙan suka faɗa a rabon yaran, aka ce Sabo ne waliyyinsu. A lokacin babu wanda ya yi gardama. Wa zai yi gardama a kan ƙashi da fata, waɗanda ko tsayuwa da ƙyar suke yi?

Ita ta tashe su. Da kunu ta fara, tana tsoma yatsu tana sa musu a baki. Da suka fara cin abinci, sai ta shiga gidajen maƙwabta tana surfe, ba ta karɓar kuɗi, dusar da ruwan tsari kawai take cewa a bar mata. Da kaka ta bi gonakin bakin gari tana tsintar harawa da kowar wake, ta tara a kan rumfa. Tafin hannunta ya yi kanta har allura ba ta shiga da sauƙi. Yaran suka sa wa babbar suna Gimbiya saboda yangarta, ƙaramar kuma Auta. Yau ga su nan sun cika, fatarsu tana sheƙi, tozo ya fara tasowa, duk wanda ya shigo gidan sai ya ce tubarkalla.

Sabo ya jawo turmi ya zauna, alamar maganar mai tsawo ce.

"Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Renon karsana wahalar banza ce. Shekara huɗu kana ɗura mata abinci, ba nono, ba ɗa, sannan ta zo haihuwar fari ta mace maka. Mai hankali kasuwa yake zuwa, ya ɗauko saniya da cikinta, wadda ta saba haihuwa. Wata biyu, wata uku, sai ka ga ɗan maraƙi yana tsalle a tsakar gida. Haka ake tara garke yanzu."

Kulsumu ta wanke hannu a hankali. Ta tashi a gidan shanu, ubanta da su ya tsufa, amma ta san ba a nuna wa yayan miji an fi shi sani.

"Gaskiya ne, Yaya. Sai dai waɗanga mun san uwayensu. Uwar Gimbiya ta haihu bakwai, ba ta taɓa ɓari ba. Uwar Auta kuwa duk rani tana da nono. Ta kasuwa ba mu san mi ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Wahalar ma ai an riga an sha ta, saura kaɗan."

"To, malama. Ni da nake cikin kara shekara ashirin, ke za ki karanta mini saniya."

Ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ta san maganar ba ta ƙare ba.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ko kunu ba a sha ba ya shigo da igiya a hannu. Bai yi shawara da kowa ba, ya nufi Gimbiya.

"Yaya, don Allah a bari ko damina ta faɗi," in ji Kulsumu, tana biye da shi.

"Ni ne waliyyin ɗiyan nan ko ke?"

"Kai ne."

"To matsa."

Gimbiya ta turje a bakin zaure, sai da mutum uku suka taru, wani yana murɗa mata wutsiya, kafin ta hau mota. Rukayya, mai shekara goma, ta tsaya riƙe da ƙyauren gida tana kuka marar sauti. Kulsumu ba ta iya bin su ba. Kara wurin maza ne, mace mai mutunci ba ta taka shi, kuma da wannan al'adar Sabo ya dogara. Abin da aka yi a can, sai abin da ya dawo ya faɗa.

Bayan la'asar ya dawo da wata ƙatuwar farar saniya, ƙahonta yana walƙiya, cikinta ya yi tsini dama da hagu kamar randa. Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Inna Hindu, mahaifiyar Sabo da marigayi Mainasara, ta fito da sandarta ta zagaya saniyar, ta ce Allah ya yi wa Sabo albarka, shi ne uban marayu na gaskiya. Sabo yana ta baza babbar riga, yana cewa wata biyu ya rage ta haihu, in ta wuce uku a canza masa suna.

Kulsumu ta bari sai da mutane suka watse. Ta matsa ta shafa wuyan saniyar, ta kama leɓen ƙasa ta buɗe bakin. Haƙoran sun cinye sun zama 'yan guntaye, biyu ma babu su. Ta kai hannu gindin ƙaho. Duk saniyar da ta haihu, kowace haihuwa tana bar mata zobe a nan, ana iya ƙirga su da yatsa. Wannan an kankare nata da fasasshiyar kwalba, an shafe da mai, har yatsunta suka yi maiƙo. Ta danna gefen cikin na dama da dunƙulen hannu, ta jira ta ji motsi. Ruwa ne kawai yake kaɗawa. An ba tsohuwa kanwa tun safe, ƙishirwa ta kama ta, aka kai ta bakin kwatami ta sha har ta kumbura.

Da gari ya waye turken ya jiƙe sharkaf da fitsari, cikin ya saɓe, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa.

Ta sami Sabo yana shan shayi a ƙofar ɗakinsa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, saniyar nan ba ta da ciki. Kuma ta tsufa, haƙoranta sun ƙare."

"Ke kika haife ta, da kika san shekarunta?"

"Ka zo ka duba bakin."

"Ba ni dubawa. Gajiyar mota ce ta sa ta rame. Kuma ko da an cuce ni, ai ɗan Adam nake. Kasuwa haka take, yau ka ci, gobe a ci ka. Mutum ya bar aikinsa, ya bi hanyar Shinkafi wadda kowa ke tsoro, don ɗiyan ƙanensa, ya dawo ko sannu babu."

Wai an cuce shi. Mutumin da ya shekara ashirin a kara, wanda shi da kansa ya san inda ake sayar da kanwar. Ya ci la'ada wurin sayar da Gimbiya, ya ci wurin sayen tsohuwa, abin da ya rage a tsakani kuma ya san inda ya sa shi. A satin nan dai aka ga babur ɗinsa da sababbin tayoyi, shi kuma da shadda mai maiƙo ranar Juma'a. Kowa a gidan ya gani, kowa ya kawar da kai.

Nauyin tsohuwar ya dawo kan Kulsumu. Ba ta iya tauna kara, ba ta iya tauna busasshiyar harawa, sai an jiƙa mata dusa ta yi laushi. Abin da karsana biyu suke ci su ƙoshi, ita kaɗai take lashewa, kuma ba ya nunawa a jikinta. Kulsumu ta ƙara gidajen surfe daga uku zuwa biyar. Rani ya tsananta, rana tana dukan tsakar ka, ita tana tsaye a kan turmin mutane daga hantsi har azahar. Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, in ta ɗaga taɓarya sai ta ji kamar ana zare mata jijiya. Ba ta iya barin dabba da yunwa, ko da wadda aka cuce ta da ita ce.

Wata biyu suka wuce, na uku ya wuce, babu ɗan maraƙi, babu wanda ya canza wa Sabo suna. Rannan sai ya sake shigowa da igiya, ya ce zai mayar da tsohuwar ya canzo mai kyau. Ya tafi da ita, ya dawo hannu wofi.

"Kasuwa ba ta yi ba yau, na bar ta wurin wani abokina."

Sati na gaba ya ce hanya ba ta biyuwa. Na gaba kuma ya ce ya ba wani makiyayi ita a Moriki, ta ci ɗanyar ciyawa ta murmure. Da Kulsumu ta sake tambaya, sai ya girgiza kai, ya yi salati, ya ce ai ɓarayin daji sun kore garken mutumin gaba ɗaya, ita ba ta ji ba? A ƙasar nan yanzu duk abin da ya ɓata a hannun mutum, in ya ce daji ya ci, magana ta ƙare. Wa zai je Moriki ya bincika? Turken Gimbiya ya zauna haka nan, Firdausi tana ɗaura masa tsumma tana wasan 'yar tsana.

Kulsumu ta shiga ɗakin surukarta, ta zauna a bakin tabarma.

"Inna, dukiyar ɗiyan Mainasara ce ke tafiya. Jikokinki ne. Ki yi wa Yaya magana, ke yake ji."

Inna Hindu ta daɗe tana jan carbi.

"Kulsumu, ni ɗa ɗaya ya rage mini. Shi ke ci da ni, shi ke ci da ku. Ranar da kunka zo da 'yan ƙullin kayanku, wa ya buɗe muku ƙofa? Ko hatsin da kuke ci daga sama yake faɗowa?"

"Ba mu manta ba, Inna. Amma ni ma ina aiki a gidan nan."

"Ki yi haƙuri. Saniya ce, Allah na iya ba su wata. Kada ki raba mini kan gida a kan dabba."

Haƙuri. Kalmar ba ta da nauyi a bakin wanda ba shi aka yi wa ba. Kulsumu ta fito idonta ya yi ja, ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Alhassan, tunda a gabansa aka yi rabon. Ta shiga wurin matarsa, aka kira shi. Malam ya saurara, ya karanto abin da Allah ya ce game da masu cin dukiyar marayu, har muryarsa tana rawa. Sannan ya sauke murya ya ce maganar cikin gida ce, Sabo mutum ne mai zuciya, zai same shi a keɓe ya yi masa nasiha.

Ya yi nasihar kuwa, kuma a kan Kulsumu ta ƙare. Sabo ya shigo gida yana huci, ya tsaya a tsakar gida yana magana yadda maƙwabta za su ji.

"Ni za ki kai ƙara wurin liman? A gidana kike ci, a gidana kike kwana, ki fita ki ce ni ɓarawo ne? To tunda kina da ƙarfin yawo, daga yau girkin gidan nan naki ne. Bilkisu ta huta."

Bilkisu, matarsa, ta sunkuyar da kai a bakin murhu. Ba muguwa ba ce, takan ɓoye wa yaran ƙanzo ta ba su, amma ba ta taɓa buɗe baki a gaban mijinta ba. Daga ranar Kulsumu ta haɗa girkin mutum goma sha ɗaya da surfen gidaje. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, zaninta sai ta ninka shi kafin ya kama ƙugu. Rukayya ta daina zuwa Islamiyya rana biyu a sati don ta taya ta ɗebo ruwan Auta daga famfon bakin titi.

Abu ɗaya ya riƙe ta. Tun farkon damina, ranar da ta ga Auta ta hana kanta ci tana ta kuka tana zagaya turke, ta gane namiji take nema. Ta roƙi Maitama, maƙwabcinsu mai kiwon bijimai, ta bakin matarsa, aka kai Auta garkensa aka yi barbara. Ladan bijimin, surfen wata guda ta yi wa gidan. Daga nan ta shiga ƙirga wata. Na ɗaya ya wuce Auta ba ta sake nema ba, na biyu ya wuce, na uku, na huɗu. Hantsarta ta fara sakkowa kaɗan, ta yi sanyin hali, tana son kwanciya a inuwa. Kulsumu takan tsaya ta ɗora tafin hannu a gefen cikinta, ta ji zuciyarta ta yi sanyi. In Auta ta haihu, yaran suna da biyu. In mace ce, nan da shekara huɗu suna da garke ƙarami, kuma Rukayya ba za ta shiga ɗakin miji hannu wofi ba.

A nan ta yi kuskure, irin na mai zaton kunya tana hana mutum. Ta ɗauka in an san akwai ciki babu mai taɓa ta. Ta faɗa wa Inna Hindu, Inna Hindu ta faɗa wa ɗanta.

Sabo ya zo turken, ya zagaya Auta, ya matsa tozonta, ya kama fatar haƙarƙari ya ja, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallon hantsar.

"Kitse ne," ya ce. "Kin ɗura mata dusa har kitse ya toshe ta. Irin wagga ba ta ɗaukar ciki."

"Yaya, wata huɗu ba ta nema ba. Ka tambayi Maitama."

"Maitama likitan dabbobi ne? Ni dai na gaya miki."

"Na roƙe ka don darajar marigayi. Wata biyar kawai. In ba ta haihu ba, ni da kaina zan miƙa maka igiyar."

Ya juya ya fita. A watan nan shanu sun yi ƙaranci a Ƙaura, motoci ba sa shigowa sosai saboda hanya, mahauta suna neman dabba mai ƙiba ido rufe. Kulsumu ta san haka, don maganar da ake yi ke nan a duk gidan da ta shiga. Sai ta daina nisa. Ta bar gidaje biyu na can ƙasan unguwa, ta riƙe na kusa, inda za ta iya jin kukan Auta daga kan turmi.

Ranar Talata Firdausi ta tashi da zazzaɓi mai zafi, jikinta yana karkarwa. Babu yadda za a yi, Kulsumu ta goya ta ta tafi asibiti, ta bar wa Rukayya amanar kada ta bar tsakar gida. Layi ya yi tsawo, sai bayan azahar suka dawo. Tun daga zaure ta ji gidan ya yi shiru. Rukayya tana zaune a gindin turke, tafin hannunta ya saɓule inda igiya ta goge shi.

"Umma, na riƙe. Wallahi na riƙe. Baba Sabo ya fizge."

Kulsumu ta sauke Firdausi, ta zauna a ƙasa inda Auta take kwanciya, wurin da sauran ɗumin rana da warin dabbar. Ba ta yi kuka ba. Da Sabo ya shigo ta tashi tsaye, karo na farko ba ta durƙusa masa ba.

"Ina Auta?"

"Tana kara, a hannu mai kyau. Jibi Alhamis zan kawo muku saniya da ɗanta a gindinta, kowa ya gani da idonsa, a daina ce mini ruwa ne. Ke dai ba ki san mai ƙaunarki ba."

"Ka ce wa wanda zai saye ta tana da ciki. Ko wannan kaɗai ka yi mini. Ya kai ta garke, kada ya wahalshe ta."

"Na ji."

Da wannan ta rarrashi kanta. Ta ce ko ba a hannunsu ba, Auta za ta haihu a wani garken, ta ci ciyawa, ta yi jikoki.

Washegari da hantsi Sabo ya shigo da ƙunshin nama a takarda, mai yawa, jan nama mai ratsin kitse, ya ajiye a bakin murhu. Ya ce wani mahauci ne ya yi masa alheri, a yi miya mai kyau yau, yarinya marar lafiya ta sha romo. Rabon gidan da nama tun Babbar Sallah. Kulsumu ta yanka, ta wanke, ta ɗora, ƙamshi ya cika gida. Da la'asar ta tuƙa tuwon dawa ta rarraba. Ta zuba wa Firdausi romo da tsoka uku a ƙaramin kwano, yarinyar da ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba ta tashi zaune da kanta.

Ana cikin ci aka yi sallama a zaure, da murya mai kauri. Gado ne, mahauci daga bakin kasuwa, dattijo mai furfura a gemu. Sabo ya fita yana suɗe hannu. Kulsumu tana kwashe toka kusa da ƙofar zaure, don haka komai a kunnenta aka yi.

"Sabo, ka cuce ni," in ji Gado. "Na tambaye ka sau biyu, ka ce juya ce, ba ta ɗaukar ciki. Ka rantse mini."

"Sauke murya, Gado. Mi ya faru?"

"Na buɗe ciki na iske ɗa. Ya yi kai, ya yi kunnuwa, ya yi kofato. Shekara talatin ina yanka, ban taɓa sa wa mai ciki wuƙa da sanina ba. Tun safe na kasa cin abinci."

"To ai an riga an yanka. Ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Ni ma ban sani ba."

Kulsumu ta ajiye kaskon toka. Ta tura ƙyauren ta tsaya a bakin zaure, ba mayafi, hannunta fari fat da toka. Gado ya gan ta, ya kawar da kai.

"Malam Gado, ɗan da ka iske, mace ne ko namiji?"

Gado ya ce, "Mace ce, baiwar Allah."

"Naman da anka kawo gidan nan fa?"

Gado ya dubi Sabo, Sabo ya dubi bango.

"Ni na yanka mishi da hannuna, daga cinya. Ban san taku ba ce. Ki yafe mini."

"Kai ba ka yi mini komai ba."

Sabo ya fara cewa ta koma ciki, maganar maza ce, kuma Alhamis tana nan tafe, saniya da ɗanta. Daga ɗaki Inna Hindu ta ɗaga murya tana cewa a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, kada maƙwabta su ji. Su maƙwabtan sun riga sun ji. Gobe za su yi maganar a bakin famfo, su ce Allah wadai, jibi kuma su gaishe da Sabo a masallaci, su matsa masa wuri a sahun gaba. 'Yan bindiga sun kore garken Mainasara a yini ɗaya, kowa ya la'ance su. Abin da suka bari, ɗan'uwansa ya cinye shi a zaune, da sunan riƙon marayu, uwarsa tana sa masa albarka.

Kulsumu ta juya ta shiga ciki. Rukayya ta ji komai, ta ture kwanonta, ta kifa kai a gwiwa. Firdausi kuwa ba ta san abin da ake ciki ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, gumin zazzaɓi yana karyo mata, ta riƙe tsoka da hannu biyu tana ci, romo yana bin haɓarta.

Kulsumu ta miƙa hannu za ta ɗauke kwanon. Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta jawo shi jikinta.

"Umma, da daɗi. Ban ƙoshi ba."

Hannun Kulsumu ya tsaya. Ta janye shi a hankali, ta zauna kusa da 'yarta, ta gyara mata kwanon a cinya don kada ya zube. Ta bar ta ta cinye tas, don ta san iyakar abin da yarinyar za ta samu ke nan daga gadon ubanta.